Jirgin Kara na Ɗan Farina

A Funtuwa muka zauna a 'yan shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, a wani gidan haya da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Kusancin ya kai idan jirgin Gusau ya shigo sai kwanukan da na jera a ɗaki su kama kaɗawa, baƙin hayaƙinsa kuma ya sauka a kan shanyata. Na tsani jirgin nan tun zuwanmu, ba na kuma ɓoyewa. Maigidana a tashar yake aiki, a rumfar da ake lodin auduga da gyaɗa, don haka duk lokacin da na fara zagin jirgi sai ya ce in yi a hankali, tuwon da ke tukunyata shi ya kawo shi.

'Ya'yana uku ne a lokacin, amma biyu ne a gabana: mace 'yar shekara biyar, da ƙanenta ɗan shekara uku. Babbansu yana ƙauyen Gozaki wajen uwar mijina, wadda duk muke kira Iya. Shi ne ɗan farina, kuma a yadda aka tashe mu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in ya yi kuka a cikin mutane sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Kunya ake ce wa wannan, da ita kuma ake auna tarbiyyar mace. Ni kuwa na iya ta fiye da kowa. Ranar da aka yaye shi Iya ta goya shi ta kama hanya, ina zaune ina tsince wake ban ko ɗaga kai ba, mata suka yi ta sa wa uwata albarka. Babu wanda ya san na daɗe ina zagayawa bayan ɗaki ina matse nono ina kuka.

Da ya kai shekara bakwai ubansa ya ce lallai a kawo shi a sa shi makaranta. Iya ta kawo shi da kanta bayan an yanke dawa. Ranar da za ta koma ta ce ita ba ta ce ta bayar ba, ba ta kuma ce ta hana ba. Za ta bar shi har a gama cirar auduga. In ta dawo za ta tambayi uwar yaro: in na ce a bar mini shi, ya zauna ke nan ya shiga makaranta, in kuwa ban ce ba, ta tafi da abinta.

Maigidana ya ce ai abu ya zo da sauƙi, kalma ɗaya ce. Na ce masa a bakin namiji ne take ɗaya. Bai ja maganar ba, don shi ma ɗan farin Iya ne, wani baffansa ya riƙe shi, ban kuma taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Amma ni a raina na riga na gama shawara. Ina son ɗana, kuma zan faɗa.

Siririn yaro ne, mai dogon wuya irin na ubana, da kaushi a ƙafa, da Hausar ƙauye da ke ba ƙanwarsa dariya. Bai san me zai kira ni ba, sai ya zaɓi kada ya kira ni komai. Ni ma haka. In zan ba shi abinci sai in ce wa yarinyar, "Ki ce wa yayanki ya zo ya ɗauki tuwonsa," alhali ga shi nan zaune, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Ita kuma ta juya ta maimaita masa da ƙarfi kamar yana hayin kogi. Mata uku muke a gidan, kowa da mijinta da ɗakinta, ga kuma matar mai gidan, wata dattijuwa da muke kira Gwaggo, wadda ba abin da ke wucewa a tsakar gida ba ta gani ba. Duk sun yaba da yadda nake tafiyar da abin.

Jirgi ne kaɗai ya buɗe bakin yaron nan. Bai taɓa gani ba sai da ya zo. Da zarar ya ji kukansa daga nesa sai ya ja hannun ƙanwarsa su ruga bakin shingen tasha, ba za su dawo ba sai taragon ƙarshe ya ɓace. Wata rana da la'asar sai ga shi yana jan damin kara da ya roƙo a wata gona da ke bakin gari. Ya zauna a gindin katanga, ya ɗauki tsohuwar wuƙata ta yankan kuɓewa, ya shiga ɓare karan yana ware ɓawon gefe, totuwar gefe. A ƙauye ya koya, wajen 'ya'yan Maguzawa maƙwabtan Iya, waɗanda ke ƙera motar kara har da ƙofa mai buɗewa. Kafin magariba ya haɗa wani abu dogo mai ƙafafun sakaina, ya ajiye a gaban ƙannensa ya ce jirgi ne.

Yarinyar ta kwashe da dariya. Ta ce, "Wannan ai mota ce. Ina ka taɓa ganin jirgi da sitiyari? Kuma jirgi kan dogo yake tafiya."

Ya ce, "To mi ke riƙe shi bisa dogon bai faɗo ba?"

Ba ta sani ba. Ni kuwa, da na shekara da shekaru ina hararar jirgin nan ta saman katanga, ashe na haddace shi ban sani ba. Ina tankaɗe, ban dubi kowa ba, na ce wa yarinyar, "Ki ce masa ƙafar jirgi leɓe gare ta, shi ke kama ƙarfen." Ta faɗa masa. Ya jujjuya sakainar a hannunsa, sannan ya ce mata ta tambaya ko leɓen ta ciki yake ko ta waje. Haka na shiga aikin jirgin da na tsana.

Washegari muka share wani gefe na tsakar gida. Na ce muka, don na bar wanke-wanke a jiƙe na zo na tsuguna. Dogayen sillen kara ya tsaga biyu suka zama dogo, ya yanka gajeru muka jera a giciye a ƙarƙashinsu, kamar yadda katakan dogo suke a tasha. Da ƙayar aduwa ake kafe su. Aikin yarinyar ke nan, ta riƙe ƙayoyin a marfin kwano tana miƙawa tana ba da umurni kamar ita ce shugabar tasha. Ƙaramin kuwa muka ba shi gwangwani ya riƙa kwaso tsakuwa daga ƙofar gida ana zubawa a tsakanin layin. Rabin abin da yake kwasowa kashin awaki ne, in an zubar ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima, dole muka ware masa wani lungu muka ce nan ne ma'ajiyar gawayin jirgi.

Ƙafafun ne suka ba mu wahala. Duk yadda yaron ya goge sakaina ya zagaye ta, da an ja sai ta zame daga kan karan. Ya gwada marfin kwalba, ya gwada haɗa sakaina biyu, babba da ƙarama, abin ya ƙi. Na ga ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya kamar ni aka ɗora wa gina layin Gusau. Sai na tuna da telan da ke ɗinki a zauren maƙwabta. Na aiki yarinyar ta roƙo mana kwarkwaron zare na katako waɗanda zarensu ya ƙare. Kwarkwaro yana da leɓe a kowane gefe, da ya hau karan sai ya zauna daram. Yaron ya tura shi da yatsa, ya gangara bai kauce ba. Ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido yana murmushi, har na ga giɓin haƙorinsa na gaba da ya fita. Ni ce na fara sunkuyar da kai.

Daga nan aiki ya kankama. Gwangwanin madara da aka kwantar ya zama kan jirgi, ya huda shi ya kafa masa bututun gora. Gwangwanayen kifi suka zama taragu, aka ɗaure su da zare. Lodinsu audugar da ke zubowa daga motocin da ke kai kaya injin gurza, yara su tsinto a bakin titi mu ɗaure ta ƙulli-ƙulli. Da laka muka gina tashoshi: Funtuwa a gindin randa, Zariya kusa da madafa, Gusau can wajen bishiyar gwanda. Kwatar da ke fitar da ruwan wanke-wanke ta ratsa tsakani, sai ya yi mata gada da kara mai kauri, ya hau da ƙafa ɗaya don ya gwada ƙarfinta, ta karye, ya sake wata.

Wata safiya ya ce sai an yi tashar Gozaki. Ƙanwarsa ta ce jirgi ba ya zuwa Gozaki, Baba ma ya faɗa. Ya ce, "Namu zai je." Ya duba ko'ina babu sauran fili sai bakin ƙofar ɗakina, ya tsaya yana jira ko za a hana. Na ce wa yarinyar ta ce masa ya yi, amma kada ya tare hanya. Ya tare ta kuwa, na riƙa tsallake Gozaki duk shiga da fita.

Kwanakin nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba, tare da wani nauyi a ƙirji kamar na mai cin abin da ba nata ba. In zan miƙa masa ƙaya sai in bari yatsana ya taɓa nasa, in yi kamar kuskure ne. In ya sunkuya yana aiki sai in ƙare wa ƙeyarsa kallo, in ga wani tabo a bayan kunnensa da ban san ranar da ya ji ciwon ba, ban san wa ya lallashe shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabo. Ƙaramin zai kawo tsakuwa uku in ɗaga shi sama in ce sannu da aiki jarumina. Yarinyar za ta kafa ƙaya a karkace in ce kai, wannan ta fi injiniya. Wanda ya yi komai kuwa sai dai in dubi iska in ce, "Abin nan fa yana kyau." Yana jin yadda nake yabon ƙannensa, ina ganin yana ji, na kuma ci gaba.

Ɓawon kara kaifi gare shi kamar aska, duk wanda ya tashi a gona ya sani. Wata hantsi yana tsaga wani ya zame ya ratsa masa yatsa. Bai yi kuka ba, ya dai riƙe hannun jini yana ɗiga a kan dogon. Ban yi tunanin komai ba. Na fizgo hannun na sa yatsan a bakina ina tsotsa, ɗaya hannuna a bayan kansa, na jawo shi jikina. Warin rana da hayaƙi yake yi. Rabona da in riƙe shi haka tun yana shan nono.

Sai na ji muryar Gwaggo daga bakin ɗakinta. "A'a, 'yar nan, yau me nake gani? Uwar ɗan fari da yatsansa a baki. Lallai zaman birni ya karɓe ki."

Ba mugunta ta nufa ba, haka bakinta yake, da kowa take tsokana. Amma sauran matan suka leƙo, aka sa dariya, ɗaya ta ce saura goyo. Ina da zuciya, kuma in na ji kunya faɗa nake yi. Na ture hannun yaron na ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri. Ba ka iya riƙe wuƙa ba kake ɗauka, ka zo ka ɓata wa mutane tsakar gida da jini."

Tun da aka kawo shi gidan, wannan ce magana ta farko da na yi masa kai tsaye ba ta bakin ƙanwarsa ba. Ya tashi ya tafi gindin gwanda, ya tsinci ƙyalle ya naɗe yatsan da kansa.

Tsokanar ba ta tsaya a ranar ba. In na fito ɗibar ruwa sai wata ta sa yatsa a baki ta kalli sama, sauran su ƙyalƙyale. Labari ya tsallaka gidan maƙwabta. Sai na janye daga aikin jirgi gaba ɗaya, na koma kan tukwanena, na ce ina da abin yi. In sun maƙale a wani abu yarinyar takan zo ta ce, "Inna, Yaya ya ce yaya za a yi kwanar nan?" In ce su yi yadda suka gani. Ina jin su suna ta fama, kwanar da ke kusa da madafa kullum tana kayar da taragu, na san gyaranta a buɗa ta kaɗan ne, na ƙi faɗa.

Shi kaɗai ya gano gyaran. Ranar da aka gama, ubansu ya dawo daga aiki da wuri, yaran unguwa suka cika tsakar gida. Yaron ya samo busasshen kashin jaki, ya kunna shi da garwashi ya tura cikin gwangwanin madarar. Hayaƙi ya fara fita ta bututun, siriri, fari. Ƙanwarsa ta ɗaga ganyen gwanda a matsayin tuta, ubansu ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na tasha, yaron ya kama zare ya fara ja a hankali yana tafiya da baya. Jirgin nan ya tashi daga gindin randa, ya sha kwana, ya hau gadar kwata ya sauka, audugarsa ko ƙulli ɗaya bai faɗo ba. Yara suka kaure da ihu. Har Gwaggo sai da ta fito ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Wane gwanin ne ya ƙera wannan?"

Kowa ya san amsar. Yaron yana tsaye da zare a hannu, bai dubi Gwaggo ba, ni ya duba. Na ce, "Yaran ne suka yi." Na shiga ɗaki na ɗebo ƙuli-ƙuli na raba wa kowa daidai, da shi da 'ya'yan maƙwabtan da ba su kafa ko ƙaya ɗaya ba.

Na lallashi kaina da cewa duk wannan ba komai ba ne, ranar da Iya ta dawo zan biya shi gaba ɗaya. Har gwada maganar nake yi. In ina daka sai in riƙa faɗa a hankali tare da saukar taɓarya: Iya, ki bar mini shi. Iya, ina son a bar shi. Na gwada ta da ladabi, na gwada ta da wasa, na zaɓi wadda ta fi gajarta don kada numfashina ya yanke a tsakiya.

Iya ta dawo da aka gama cirar auduga, kamar yadda ta ce, ɗauke da ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ta rame. Yaron na ganinta ya watsar da abin da ke hannunsa ya ruga ya faɗa jikinta, ya hau cinyarta duk da tsawonsa, ya shiga zuba kamar an buɗe famfo. Ya tambayi akuyarsa, ya tambayi abokansa, ya ja ta ya nuna mata Zariya da Gusau da Gozaki, ya kunna mata hayaƙi. Ban taɓa sanin yana da surutu haka ba. Ita kuma tana shafa kansa tana cewa tun da ya tafi gidan ya yi mata faɗi, ko tuwo ba ta iya tuƙawa don ita kaɗai. Na ji wannan ma, ya kuma ƙara mini wani nauyin.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Gwaggo da sauran matan suka zo gaishe da baƙuwa, suka zauna, ba su kuma tashi ba. Iya ba ta ga laifin haka ba, a wajenta magana irin wannan a gaban shaidu ake yin ta. Yaron yana tsugune a gindin randa yana gyara wani abu a tashar Funtuwa da ba ta lalace ba.

Iya ta ce, "To, ɗiyata, ga ni na dawo. Mi kika gani? A bar miki shi, ko in tahi da abina?"

Maganar da na yi ta gwadawa tana nan a kan harshena. Na ɗaga ido na ga matan nan sun zuba mini ido suna murmushi, Gwaggo tana sakace da tsinke. Wataƙila sakacen kawai take yi. Ni dai hannu na gani a kusa da baki.

Na ce, "Iya, ni ina ruwana da shi. Ai naki ne."

Iya ta girgiza kai. Ta ce, "Ba tambayar al'ada nike miki ba. Ni ma na haihu, na san abin da ke cikin ran uwa. Nawa da aka ɗauka ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa ni nike tambayarki. Hwaɗa mini gaskiya."

Ta buɗe mini ƙofa har iyakarta. Ko kai na gyaɗa ya isa. Na dubi saƙar tabarma na ce, "Duk yadda kika yi daidai ne. Ni waɗannan biyun ma sun ishe ni."

Wannan ta ƙarshen ba al'ada ce ta sa ni ba. Babu wanda ya nemi in faɗe ta. Na ƙara ta ne don matan su yi dariya su tabbatar na dawo hanya, suka kuwa yi. Gwaggo ta ce ita dama ta san 'yar gidan mutunci ce ni. Iya ta daɗe tana kallona, na ga tausayi a fuskarta, na ga sauƙi kuma, don ita ma tana son abinta. Ta ce, "To, shi ke nan." Yaron bai juyo ba. Hannunsa dai ya tsaya da abin da yake yi.

Da maigidana ya dawo ya ji yadda aka yi, ya ajiye hularsa ya zauna bai ce komai ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo, sai na taso masa. Na ce shi da yake namiji me ya hana shi ya buɗe baki ya ce ɗansa zai yi karatu. Ya ce uwarsa ta ce ni za ta tambaya, ta kuma tambaye ni har sau biyu, da wane baki zai je ya ƙaryata matarsa a gaban uwarsa. Na ce a raina da safe zan sami Iya ita kaɗai in warware.

Na kuwa same ta. Da sassafe ina ɗumama tuwo ta shigo madafa ta tsuguna kusa da ni tana jin ɗumin wuta, babu kowa sai mu biyu. Ta yi ta jan zaman, ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara, na san jira take. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko in ƙara mata yaji a miyar. Ta ce a'a, ya isa haka. Ta dafa gwiwa ta miƙe ta je ɗaure kaya.

Bai shiga makaranta a shekarar ba, bai shiga a wadda ta biyo ba. Babu makaranta kusa da ƙauyensu, Iya kuma ba ta iya rabuwa da shi ya yi nisa. Ƙannensa duka suka yi karatu, shi ya zama manomin auduga, kuma manomi na kirki, bai taɓa cewa na rage shi da komai ba. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ya tambayi lafiyata da ladabi, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Mutane suna cewa na yi dace da ɗa mai biyayya. Ni na san abin da nake so ya yi, ya shigo ya baje a kan gadona ya dame ni da surutu, na kuma san ranar da na hana kaina wannan.

Safiyar tafiyar, motar Malumfashi za su bi, ubansa zai raka su tashar mota. Bai ɗauki ko tarago ɗaya ba. Ya tsuguna ya nuna wa ƙanwarsa yadda ake sa garwashi ba a ƙone ba, ya ce kada ta bar ƙaramin ya taɓa gwangwanin in ya yi zafi, in kaji sun tone dogo ta mayar da tsakuwar. Matan gidan sun fito sallama, ni ina bakin madafa da rariya a hannu ina tankaɗen garin da ba a ranar zan tuƙa ba. Iya ta yi gaba, ubansa ya ɗauki ƙullin kayan. Yaron ya kai bakin zaure ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har ubansa ya kira shi daga waje. Sai ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Ki ce ma innarku na tahi."

Yarinyar ta rugo wajena, ta faɗa da ƙarfi yadda na koya mata. "Inna, Yaya ya ce ya tafi."

Matan suna tsaye suna kallona. Na ce, "Na ji." Na ci gaba da tankaɗe.